Yaro Ya Ƙi Tsawo: Gado Ne Ko Tamowa?

A Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa akwai wata damuwa da ke cin iyaye da yawa. Yaro yana ci, yana wasa, ba ya kwance. Amma ba ya tsawo. Rigar da aka ɗinka masa a sallar bara ita ce ya sa bana, ko ɗagewa ba ta yi ba. Ɗan maƙwabta da aka yi sunansu mako guda ya fi shi da faɗin tafin hannu. Baƙo ya tambayi shekarunsa, a ce masa uku, shi kuwa ya ɗauka biyu ne.

Uwa ce ke fara lura, don ita ke goyo. Sai ta ce da maigida: "Malam, yaron nan fa ba ya gaba." Shi kuma ya ce: "Ke dai kin cika damuwa. Lafiyarsa lau." In magana ta kai wurin kaka, sai ta ce: "Ku bar mini miji ya huta. Kakansa ma gajere ne, shi ya ɗauko." Daga nan sai a bar zancen.

To, wa ke da gaskiya? Wani lokaci kaka ce. Amma sau da yawa uwa ce. Yaron ba gajartar gado ya ɗauko ba, tsumburewa ya yi. Tsumburewa kuwa wata irin tamowa ce mai ɓoyewa. Ya kamata kowane manomi da kowane makiyayi ya san ta.

TSAWON DA YA KAMATA YARO YA YI

Ana auna tsawo da santimita, wato ƙananan layukan da ke jikin awon tela. Taƙin babban mutum ya kai santimita 20 ko kusa da haka. Jariri mai lafiya yakan zo duniya da tsawon santimita 50, wato taƙi biyu da rabi. Ga yadda yawancin yara masu lafiya ke tafiya:

Shekara 1: kimanin santimita 75.
Shekara 2: kimanin santimita 87.
Shekara 3: kimanin santimita 96.
Shekara 4: kimanin santimita 103.
Shekara 5: kimanin santimita 110.

Ƴan mata sukan yi ƙasa da maza da santimita guda ko biyu. Ba dole kowane yaro ya faɗa daidai kan wannan lissafi ba. Wani zai wuce kaɗan, wani zai kasa kaɗan, duka lafiya ce. Amma akwai iyaka. In ɗan shekara 1 bai kai 70 ba, ko ɗan shekara 2 bai kai 80 ba, ko ɗan shekara 3 bai kai 88 ba, ko ɗan shekara 5 bai kai 100 ba, to, wannan yaro yana bukatar a duba shi a gidan likita.

A lura da abu guda. A shekarar farko yaro yana ƙara santimita 25. A ta biyu yana ƙara 12. Bayan haka ba ya wuce 6 zuwa 9 a shekara. Ke nan babban aikin tsawo a shekara biyun farko yake. Abin da aka rasa a wannan lokaci da wuya a mayar da shi duka.

SHIN BA GADO BA NE?

Gado gaskiya ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Iyaye dogaye sukan haifi dogaye, gajeru sukan haifi gajeru. Amma gado ba ya sa rabin yaran gari guda su tsumbure.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta bincika wannan magana. Daga shekara ta 1997 zuwa 2003 ta sa aka auna yara fiye da 8,000 a ƙasashe shida: Gana, Indiya, Oman, Birazil, Norwai da Amurka. Akwai baƙaƙe, akwai farare, akwai Larabawa. An zaɓi yaran da suka sha nonon uwa, suka samu abinci isasshe da kulawa. Sai aka ga har shekara biyar tsawonsu kusan ɗaya ne. Ɗan Gana bai kasa ɗan Norwai ba. Da wannan bincike aka fitar da ma'aunin da gidajen likita ke aiki da shi tun 2006.

Saboda haka in yaran wani yanki sun kasa da yawa, ba jininsu ba ne. Abinci ne da ciwo. Kuma kakan nan da ake cewa yaro ya ɗauko, mai yiwuwa shi ma yunwa ce ta taɓa shi yana goye. Wanda aka haifa a farin 1973 da 1974, ko a yunwar 1984 da mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, yau shi ne uba ko kaka. Gajartarsa tana iya zama tabon wancan lokaci, ba gadon da dole jikansa ya ɗauka ba.

TAMOWA IRI BIYU CE

Akwai tamowar da kowa ya sani. Yaro ya rame, haƙarƙari ya fito, ko ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi. Mutanen Maraɗi ba su manta da shekara ta 2005 ba, bayan fari da fara na 2004. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Wannan tamowa tana saurin kisa, amma in an kai yaro da wuri yana murmurewa cikin makonni.

Ta biyu ita ce tsumburewa. Ita ba ta da hayaniya. Yaro ba ya ramewa sosai, don jikinsa ya rage tsawo ya daidaita da ɗan abin da yake samu. Igiyar nan mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a dantse, kore da rawaya da ja, ramewa take nunawa. Ba ta nuna tsumburewa. Yaro yana iya kasancewa a kore, alhali ya tsumbure. Sai an auna tsawonsa, an haɗa da shekarunsa, sannan a gane.

Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin yara 100 da ba su kai shekara biyar ba, 44 sun tsumbure. Binciken 2022 ya ba da 47. A jihar Maraɗi kuwa, a duka biyun, abin ya wuce rabi. Wannan shi ya sa ido ba ya ganewa. In yawancin yaran unguwa gajeru ne, sai a ɗauka haka Allah ya yi yara.

KWANA DUBU NA FARKO

Manomi ya san in hatsi ya rasa ruwa da taki yana ƙarami, ko ruwa ya dawo daga baya, karansa ba zai kai na sauran ba, zangarniyarsa ma ƙarama za ta fito. Makiyayi ya san ɗan maraƙin da aka tatse wa uwa aka bar shi da yunwa ba zai zama babban sa ba, ko da ya samu ciyawa daga baya. Ɗan Adam ma haka yake.

Ma'aikatan lafiya suna lissafa kwana 1,000. Wata tara na ciki kwana 270 ne. Shekara biyu bayan haihuwa kwana 730 ne. In an haɗa, dubu ke nan. A cikin waɗannan kwanaki ƙashi ke miƙewa, ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Abincin da ke sa tsawo shi ne ke gina hankali. Shi ya sa tsumburewa ba maganar kyan gani ba ce kawai. Yaron da ya tsumbure ya fi saurin kamuwa da ciwo, kuma ciwon ya fi kayar da shi. Yakan sha wuyar karatu a makaranta. In ya girma ƙarfin aikinsa yakan ragu. In mace ce, ƙugunta yakan zama ƙarami, haihuwa ta zo mata da wahala, ta kuma haifi ƙaramin jariri. Haka abin ke zagayawa daga uwa zuwa ɗiya.

ME YA SA ABIN YA YI YAWA A ƘASAR NOMA?

Jihar Maraɗi tana cikin manyan rumbunan Nijar. Akwai hatsi, dawa, wake, gujiya, riɗi da aya. Gulbin Maraɗi ya bi ta Jiratawa, ya ratsa gefen birni, ya wuce Tsibiri, ko'ina da fadama. Ga dabbobi. To, me ya kawo tsumburewa a wuri kamar wannan? Dalilan suna da yawa, kuma mafi yawansu a cikin gida suke.

Na farko, halin uwa. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana ƴar shekara 14 ko 15 ita kanta ba ta gama girma ba. Ita da ɗan cikinta suna rabon abinci guda. Mai ciki da ke daka, tana jan ruwa, tana noman gamana, ba ta samun ƙarin abinci, ga zazzaɓi ga ƙarancin jini, jaririnta ƙarami zai zo. Tsumburewar yara da yawa tun a ciki take farawa.

Na biyu, nonon farko. A gidaje da dama ana matse dakashi a zubar, wai ba shi da kyau. A ba jariri ruwa, ko jiƙo, ko madarar akuya, har nono ya yi fari. Alhali dakashi shi ne rigakafin farko na jariri. Ruwan da ake ɗura masa kuwa yana cika ɗan cikinsa, ya rage shan nono, ya kawo zawo. Nonon uwa yana da ruwan da ya ishi jariri har wata shida, ko a zafin bazara.

Na uku, kunu mai ruwa-ruwa. Bayan wata shida nono kaɗai ba ya isa. A nan ne yara da yawa ke fara tsayawa. Cikin ɗan shekara guda bai fi kofi guda ba. In an cika shi da tsararon kunu ko fura da aka tsinka da ruwa, ciki ya cika amma jiki bai samu komai ba. Hatsi abinci ne mai kyau, amma shi kaɗai ba ya gina ƙashi da tsoka. Ƙaramin yaro kuma in an haɗa shi ƙwarya guda da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun cinye.

Na huɗu, kwanika da yayen gaggawa. Uwa tana goyon ɗan wata goma sai ciki ya shiga. A ce nononta ya ɓaci. Rana guda a cire yaro daga nono, a kai shi gidan kaka. Yaro ya rasa uwa, ya rasa nono, ya ƙi cin abinci, zawo ya kama shi. Gaskiyar magana ita ce nonon mai ciki ba guba ba ne. Mai ciki mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, muddin ta ƙara cin abinci. Alƙur'ani mai girma ma, a Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa.

Na biyar, ciwo a kai a kai. Zawo, zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, tari da tsutsar ciki. Duk lokacin da yaro ya kwanta, girma yana tsayawa. In ya warke yana bukatar lokaci ya cike giɓi. In wani ciwon ya zo kafin ya cike, giɓin ya zauna ke nan. Yaro mai rarrafe a tsakar gidan da ke da kashin kaji da na awaki, duk abin da ya taɓa baki yake kai shi. Hanjinsa yakan lalace a hankali, abinci ya shiga ya fita bai amfane shi sosai ba.

Na shida, lokacin damina. Daga Yuni zuwa Oktoba abubuwa uku ke haɗuwa. Rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, uwa tana gona tun safe. Jariri yana hannun yayarsa ƴar shekara bakwai. A wasu gidaje kuma tun bayan girbi maigida ke rufe rumbu sai damina, ya tafi cin rani, ya bar mata su ci da kansu da yara daga abin gamanarsu. Wake da gujiya kuwa, kasuwa suke tafiya tun kaka.

MAGANIN YANA KUSA

Abincin da ke sa yaro tsawo ba daga Turai yake zuwa ba. Yana cikin gona, da garke, da kasuwa.

A Jiratawa akwai filin noman rani da aka gyara a farkon shekarun 1980. Garin ya yi suna da zogala, har Yamai ake kai ta. Ganyen zogala yana ƙara jini, yana gina jiki. A shanya shi a inuwa, a daka, a tankaɗe, a riƙa zuba ƙaramin cokali a kunun yaro ko a miya. Abin mamaki ne buhun zogala ya tafi Yamai, yaron gidan da aka tsinke ta bai ɗanɗana ba.

Jar akuyar Maraɗi an san ta har ƙasashen waje saboda fatarta. Amma ga mai ƙaramin yaro, nononta ya fi fatarta daraja. Tana yawan haihuwar tagwaye, kuma ba ta da wuyar kiwo. Bayan yaro ya cika wata shida, a tafasa madarar a dama masa kunu da ita. Makiyayi kuma kafin matarsa ta ɗauki ƙwarya zuwa talla, a fara cire rabon ƙananan yara.

Ƙwai yana cikin abinci mafi amfani ga yaro. Maganar da ake yi wai yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, ko zai yi jinkirin magana, ba ta da tushe. Da damina zabi suna ƙwai da yawa, daidai lokacin da yara suka fi bukata. Haka kifin tafkin Madarumfa, da hanta, da ɗan nama, da fara: in an daka an zuba a abincin yaro, ko kaɗan ne yana aiki. Ga ganyen kuka, rama, yakuwa da tafasa. Ga kabewa, mangwaro, gwanda da karas.

Ko a hatsi akwai bambanci. A 2018 aka fitar da wani iri a Nijar mai suna Chakti. Yana saurin nuna, kuma ya fi sauran iri sinadarin da ke ƙara jini. Mai so ya tambayi malamin gona.

Ga yadda ake haɗa garin kunun yara a gida. A auna hatsi gwangwani 6, wake gwangwani 2, gujiya gwangwani 1. A tsince, a wanke, a shanya. A soya kowanne dabam sama-sama. A cire ɓawon waken da na gujiyar. A haɗa a niƙa, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. In za a dama, a dafa shi sosai, ya yi kauri yadda in an karkata cokali ba zai zube kamar ruwa ba. A sa ɗan mai ko madara, da ɗan gishiri mai ayodin. A kula: gujiyar da ta yi fumfuna, ko ta yi baƙi, ko tana ɗaci, a zubar da ita. Tana ɗauke da guba mai cutar hanta, kuma ba ta dace da yaro ba.

Sau nawa za a ba yaro? Daga wata 6 zuwa 8, sau biyu ko uku a rana, tare da nono. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma nono bai tsaya ba. A ba shi kwanonsa shi kaɗai. Babba ya zauna kusa da shi, ya lallashe shi har ya ci. In ba shi da lafiya kada a daina ba shi abinci da nono. In ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu.

BABU ƘWAYAR TSAWO A KASUWA

Iyaye masu damuwa sukan faɗa hannun masu tallan magani a tire ko a kan keke. A sayar musu da ruwan kwalba wai na buɗe ciki, ko ƙwaya wai ta sa ƙiba. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna kumbura fuska da ciki, a ga kamar yaro ya yi ƙiba. Alhali irinsu in an daɗe ana sha, hana ƙashi miƙewa suke yi, su kuma raunana jiki. An je neman tsawo an sayo gajarta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Haka cire belu ko yi wa yaro tsaga don wai shi ya hana shi ci. Wannan ba ya ƙara tsawo. Jini yake zubarwa ga yaron da jininsa bai ishe shi ba, kuma yana iya sa masa wata cutar. Kuɗin da za a kashe a waɗannan hanyoyi, a sayi ƙwai da wake da su ya fi.

ABIN DA GIDAN LIKITA KE YI

A 2006 gwamnatin Nijar ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a gidajen likita na gwamnati. Kada a jira sai yaro ya kwanta. A kai shi awo tun yana lafiya, kuma kada a daina don an gama allurai.

In an je, uwa ta roƙi a auna tsawo, ba nauyi kaɗai ba. Akwai allon awo na katako. Wanda bai kai shekara biyu ba kwantar da shi ake yi, wanda ya wuce a tsaye ake auna shi. A rubuta a takardar yaro, wadda ake kira karne. Awo guda ba ya faɗin komai sosai. Sai an auna yau, an auna bayan wata uku, sannan a ga ko yaro yana gaba. Saboda haka a adana karne kamar takardar gona. A kuma riƙe ranar haihuwar yaro, don in ba a san shekarunsa daidai ba, ba a iya sanin ko ya tsumbure.

A gida ma ana iya sa ido. A tsayar da yaro ba takalmi a jikin bango mai santsi, a ja layi a saman kansa, a rubuta wata. Bayan wata shida a sake. In ɗan shekara biyu ko uku ya yi wata shida layin bai motsa ba, wannan ba maganar jira ba ce.

Sauran abubuwan da ke tsare tsawon yaro su ne:

1. Awon ciki tun da wuri, da shan ƙwayar ƙarin jini, da kwana cikin gidan sauro.
2. Sa jariri a nono cikin awa guda bayan haihuwa, da nono zalla har wata shida.
3. Cika allurar rigakafi duka, har da ta ƙyanda.
4. Ɗigon bitamin A kowane wata shida daga wata 6, da maganin tsutsar ciki daga shekara 1.
5. Maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda aka fara rabawa a Nijar a 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, kwana uku a kowane wata. A cika kwana ukun.
6. In zawo ya zo, a narka ƙunshin gishirin zawo a lita guda ta ruwa mai tsabta a riƙa ba yaro, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.
7. Wanke hannu da sabulu bayan an fito salga, bayan an wanke wa yaro, da kafin a ba shi abinci. A zubar da kashin yara a salga. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma, a raba shi da turken dabbobi.
8. Hutun haihuwa. A bar shekara biyu bayan haihuwa kafin wani ciki ya shiga.

Akwai kuma yaron da yake samun abinci mai kyau, ana kula da shi, amma ya ƙi tsawo. Wannan yana iya zama wani ciwo ne a ɓoye: sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, ko ciwon zuciya da aka haife shi da shi, ko tarin fuka, ko ciwon ƙoda, ko rashin wani sinadari da jiki ke yi da kansa don girma. Irin wannan ba shi da yawa, amma yana faruwa. Gidan likita na gari zai tura shi babban asibitin Maraɗi. In yaro yana yawan haki, ko idonsa ya yi rawaya, ko hannu da ƙafa suna kumbura da ciwo, ko ya yi jinkirin zama da tafiya da magana, a gaggauta.

WANDA YA RIGA YA WUCE SHEKARA BIYU FA?

Kada iyayensa su yanke ƙauna, kada kuma a ɗora wa uwa laifi. Ba lalle ya kamo tsaransa a tsawo ba, amma yana da sauran girma a gaba har ya balaga. Abinci mai kyau zai hana giɓin ƙaruwa, ya ba shi ƙarfi da lafiya. Hira da shi, da wasa, da tatsuniya, da sa shi makaranta suna buɗe hankalinsa. Kada a riƙa kiransa da sunan tsokana saboda gajartarsa. Abin da aka koya a kansa kuma, a yi amfani da shi ga ƙanensa tun yana ciki.

AIKIN MAIGIDA DA KAKA

Ana yawan yi wa mata wa'azi a wurin awo. Amma mabuɗin rumbu a hannun maigida yake. Shi ke cewa a sayar da wake ko a ajiye. Shi ke ba da izinin zuwa gidan likita da kuɗin mota. Shi ke iya rage wa mai ciki aikin gona. Shi ke sa ranar auren ɗiyarsa. Namijin da ya ci tsire a tasha ya dawo gida hannu sake, ya tuna akwai ɗan wata goma da ke bukatar yanka guda fiye da shi. Kaka kuma, maganarta ce ake ji ranar haihuwa da ranar yaye. In ta ce a ba jariri dakashi, ba mai musa mata.

Wannan wahala tana biya. A ƙasar Gwatamala, daga 1969 zuwa 1977, an yi gwaji a ƙauyuka huɗu. A biyu an riƙa ba yara kunu mai gina jiki da madara a ciki. A sauran biyun ruwan zaƙi aka ba su. Yaran da suka sha kunun sun fi tsawo. Bayan shekaru da yawa aka koma aka neme su sun zama magidanta. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu, abin da suke samu a aikin awa guda ya fi na sauran da kusan rabi.

A kusa kuma ga Senegal, ƙasar hatsi da gujiya da fari kamar Nijar. A 1992 yara 34 cikin 100 ne suka tsumbure a can. Zuwa 2017 sun koma 17. Abin da ya yiwu a Senegal zai yiwu a bakin Gulbin Maraɗi.

Kaka na zuwa. Kafin a ɗora buhunan wake da gujiya a amalanke zuwa kasuwar Litinin ko ta Juma'a, a fara ware rabon mai ciki, da mai goyo, da yaron da bai kai shekara biyu ba. Wanda ya iya karatu ya duba karnen ɗansa yau, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa wannan labari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya zuriya, ya ba da damina mai albarka.